Amsa kan bishiyar da ke kan iyaka

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka, na karanta shi a tsanake. Ka ce mangwaron maƙwabcinka ya turo rassa har kan kwanon gidanka, ganye yana toshe maka indararo, kuma ka fara ganin tsaga a katanga, kana tambaya ko a al'ada kana da damar ka ɗauko adda ka datse abin da ya shigo ɓangarenka, sannan 'ya'yan da ke zubowa cikin gidanka na waye. To kafin komai dai, don Allah ajiye addar nan. Kada ka taɓa ko ganye ɗaya sai kun zauna da mutumin, wannan shi ne abu na farko da manya suka koya mana kuma har yanzu ban ga dalilin canza shi ba.

Fara da sanin bishiyar ta waye. Ba rassa ake dubawa ba, gindi ake dubawa. In gindin gaba ɗaya yana cikin filinsa to tasa ce, ko da rabin inuwarta a gidanka take. In kuwa gindin ya hau kan iyaka, wani sashe nan wani sashe can, to ta zama ta tarayya, ba wanda zai sare ta shi kaɗai, kuma ɗawainiyarta a kanku take ku biyu. Abin da ke rikita mutane shi ne bishiya tana ƙiba, wanda ya dasa ta yana ganin ya bar taku biyu daga iyaka, bayan shekaru sai ka ga gindin ya kumbura ya cinye wurin, kowa ya rantse cewa a nasa take kuma kowa yana ganin gaskiya ya faɗa. Shi ya sa in akwai kokwanto ku fito da takardun fili, ku nemo alamun iyaka, in ta kama ku kira mai safiyo ku raba kuɗin aikinsa. Kuma kada wani ya ba ka shawarar matsar da alama ko da ɗan yatsa ne, a Sahihu Muslim an la'anci wanda ya canza alamun ƙasa, Buhari da Muslim kuma sun kawo cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi daga ƙassai 7 ranar ƙiyama.

Maganar datse rassa kuwa, eh kana da haƙƙi, sararin da ke saman filinka naka ne, kuma hadisin nan na Muwaɗɗa da ke cewa babu cuta babu cutarwa shi ne tushen maganar. Amma malamanmu na Malikiyya sun yi wata tambaya da nake so kai ma ka yi wa kanka, tsakanin bishiyar da katangar wace ce ta riga? A Muhtasar na Shehu Halilu an ce in bishiyar ce ta zo daga baya, a yanke abin da ke cutar da katanga, in kuwa bishiyar na nan aka zo aka yi gini kusa da ita to akwai zance biyu a mazhaba. Ka ga ke nan in kai ne ka tarar da ita, ba za ka je masa da murya irin ta wanda aka shigo wa gida ba.

Dokokin ƙasashe ma ba su haɗu a kan abu ɗaya ba. A Ingila tun wata shari'a ta 1894 an tabbatar cewa mutum zai iya datse reshen da ya tsallako masa, iya kan iyaka kawai kuma ba tare da ya taka filin maƙwabci ba, amma reshen da ya yanke da 'ya'yan da ke jikinsa na mai bishiya ne. A Faransa kuwa ba ka da ikon yanke reshe da kanka sai dai ka tilasta wa mai ita ya yanke, saiwa ce kaɗai za ka iya datsewa a kan iyaka, sannan bishiyar da za ta wuce mita 2 a tsawo sai an bar mita 2 daga iyaka kafin a dasa ta, in ba wata ƙa'ida ta gari da ta ce wani abu daban. Na kawo maka waɗannan ne don kada ka karanta wani abu a intanet ka ɗauka ko'ina haka yake, ka tambayi wanda ya san dokar inda kake zaune.

'Ya'yan itace a wajenmu na mai bishiya ne ko da cikin tsakar gidanka suka faɗo, duk da cewa a Faransa da Jamus wanda ya faɗo da kansa na mai filin da ya faɗa ne. Ni abin da na fi so shi ne ka sa yara su tattara su kai masa, akasari sai ka ji ya ce haba, ku ci mana ai naku ne, daga ranar kuma kun samu izini, yara ba za su taso suna ganin ɗaukar abin wani ba komai ba ne.

Yadda za ka je masa shi ne babban aikin, kuma nan ne matasa kuke yawan ɓata lamari. Kada ka aika yaro, kada ka tura saƙon waya, kada ka bari mata su fara musayar magana ta kan katanga, kuma kada ka je ranar da ruwa ya zubo maka a ɗaki kana cikin fushi. Ka je da kanka kai kaɗai, ku gaisa sosai, sannan ka roƙe shi ya shigo gidanka ya ga abin da idonsa, domin wallahi sau da yawa mai bishiya bai taɓa ganinta daga ɗaya ɓangaren ba, shi inuwa kawai ya sani. Ka nuna masa tsagar, ka nuna masa indararon, ka faɗi rassan da kake so a rage ɗaya bayan ɗaya, kada ka buɗe baki da cewa a sare ta, wataƙila mahaifinsa ne ya dasa ta kuma kalmar sarewa kaɗai za ta rufe masa kunne. In kana da hali ka ce za ka biya rabin kuɗin mai aikin ko ma duka.

Akwai ƙissar Samura ɗan Jundubu da Abu Dawuda ya ruwaito, yana da dabino a cikin gonar wani mutumin Madina kuma shigarsa tana takura wa iyalin mutumin. Annabi (SAW) ya nemi Samura ya sayar ya ƙi, ya nemi ya yi musaya ya ƙi, ya nemi ya bayar kyauta don lada ya ƙi, sai a ƙarshe ya ce masa kai mai cutarwa ne, ya ba da umarnin a tuge. Malaman hadisi sun yi magana kan ƙarfin isnadinsa, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, amma ka dubi jerin, tugewa ce ta zo a ƙarshe bayan an ba shi mafita uku. Kai ma haka za ka bi, in ya ƙi ka koma da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, in ya ƙi ku je gaban masu sulhu, kotu sai in duk waɗannan sun gagara, don ko ka yi nasara a can gobe da safe shi za ka fara gani a ƙofar gida.

Ka kiyayi saiwa kuma. Yawancin saiwoyin bishiya suna kusa da saman ƙasa kuma suna bazuwa har su wuce inda inuwarta ta tsaya, in ka haƙa ka datse manya daga ɓangare ɗaya ka cire mata abin da take dogara da shi, iskar farkon damina na iya kayar da ita kan gidanka ko nasa, lokacin kuma laifin ya dawo kanka. Zuba mata guba ko ƙona gindinta a ɓoye kuwa zalunci ne, kada ma ya zo maka a rai. Ku samo wanda ya iya aikin ya duba, ya kuma tabbatar ko saiwar ce ta tsaga katangar ko tushen ginin ne ba ƙarfi, don ba kowace tsaga ce laifin bishiya ba.

In Allah ya sa kun daidaita, ku rubuta a takarda da shaidu biyu, bishiyar ta waye, wa zai riƙa rage rassa kuma duk yaushe, wa zai gyara katanga, kowa ya riƙe kwafi, saboda 'ya'yanku ba su ji abin da kuka faɗa da baki ba. Ka ɗauko min hoton gindin da na tsagar ka turo in gani, in ka ga da buƙata zan zo mu je wajensa tare. Ka gaida mai ɗakinka da yara.