Tambaya da Amsa: Kai Ɗalibai Masu Buƙata ta Musamman Makaranta a Mota

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu guda: yadda yaro mai lalura zai bar gida da safe, ya isa aji, ya dawo lafiya. Mun zauna da masu aikin gashin ƙashi, da masu gyaran mota, da malaman da ke koyar da irin waɗannan yara a nan Kano, ga kuma abin da suka amsa.

TAMBAYA: Makarantarmu ta sayi bas ƙirar Hiace. Muna da ɗalibai biyu masu amfani da keken guragu. Mai walda ya ce zai cire kujerun baya, mu riƙa tura su ciki mu ja birkin keken. Hakan ya wadatar? Daga wani shugaban makaranta a Hotoro.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin a fara yanka ƙarfe. Bai wadatar ba. Birkin keke an yi shi ne don kada keken ya gangara a tsakar gida, ba zai riƙe komai ba idan direba ya taka birki da ƙarfi. Gwajin da ake yi wa irin waɗannan kekuna a ƙasashen waje karo ne a gudun kilomita 48 a awa, inda nauyi ke ninkuwa sau 20. Yaro da kekensa idan sun kai kilo 40, a wannan ɗan lokacin sun zama kilo 800, wato buhun siminti 16 ne ya taso daga bayan mota ya nufi sauran yara.

Saboda haka abu na farko: duk yaron da zai iya zama a kujerar mota, a sauke shi daga keke a zaunar da shi, a ɗaura masa bel. A naɗe keken a ɗaure shi a baya. Wannan ya fi kowace dabara aminci, kuma ya fi arha. Mai hawa keken nan mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, kada a taɓa barinsa a kai a cikin mota, domin ƙarfen tuƙin yana daidai ƙirjinsa.

Idan kuwa yaron ba ya iya zama sai a kekensa, ga yadda ake yi. Kowane keke yana buƙatar fili mai faɗin santimita 76 da tsawon aƙalla 122, kuma ya fuskanci gaba. Mutane da yawa suna ajiye keke a karkace yana kallon taga don wuri ya isa, alhali ta gefe keke ya fi rauni, nan da nan yake lanƙwashewa. Ana ɗaure shi da maɗauri huɗu, biyu gaba biyu baya. Na baya su tafi kai tsaye zuwa ƙasan mota ta tsakanin tayoyi, su kwanta kimanin digiri 30 zuwa 45. Na gaba su ɗan buɗe waje kaɗan don hana keken kifewa a kwana. A maƙala su a jikin ƙarfen keken inda aka yi walda, kusa da mazauni. Ban da taya, ban da matakin ƙafa, ban da madogarar hannu, domin waɗannan cirewa suke yi. Bayan an ɗaure, a kama keken a girgiza: in ya motsa fiye da santimita 5, a sake ja.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne ƙasan motar. Faifan ƙasan bas siriri ne, idan aka ɗiga masa walda kawai aka sa zobe, ranar da ake buƙatarsa zai yage kamar gwangwanin madara. A huda a sa noti ya ratsa, a tare shi ta ƙasa da farantin ƙarfe mai kauri, faɗin tafin hannu. A duba kan notin a ga an rubuta 8.8, shi ne mai ƙarfi. Kafin a huda, bakanike ya shiga ƙarƙashi ya nuna inda tankin mai da bututun birki suka bi. Igiyar shanya, robar ɗaure kaya da tsohon ɗankwali ba maɗauri ba ne. A nemi maɗaurin da aka ƙera don wannan aiki, mai ƙugiya da abin ja.

Ɗaure keke daban, ɗaure yaro daban. Ɗamarar da ke jikin keken don gyara zama aka yi ta. Yaron na buƙatar bel da aka kafe a jikin mota: na ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ya taɓa cinya, kada ya hau ciki, na sama ya bi tsakiyar kafaɗa da ƙirji, kada ya taɓa wuya. A zura shi ta ƙarƙashin madogarar hannu, in ya bi ta samanta ba zai kama jiki ba. In akwai allon cin abinci ko na rubutu a gaban keken, a cire.

Sai maganar hawa. A auna tsayin ƙasan motar daga titi. In santimita 60 ne, gangarar hawa mai sauƙi za ta kai mita 3.6, wato tsawon ya ninka tsayin sau 6. Mafi gajarta da za a yarda da ita mita 2.4 ce, kuma sai da babba mai ƙarfi yana turawa. Faɗinta kada ya gaza santimita 76, da ɗan baki na santimita 5 a kowane gefe don kada taya ta zame, samanta mai kaushi, da ƙugiyar da za ta kama bakin motar. Masu walda na Ƙofar Ruwa za su iya haɗa ta mai naɗewa biyu. Wata dabara mai sauƙi: a gina dakali mai gangara a harabar makaranta daidai tsayin motar, direba ya riƙa komawa da baya ya jingina. Ana hawa da gaba, ana sauka da baya, mai turawa koyaushe yana ɓangaren ƙasa.

TAMBAYA: 'Yata shekararta 9, tun haihuwa gaɓoɓinta ke sandarewa, wuyanta bai tsaya sosai ba. Ba mu da halin mota, mai adaidaita sahu muka ɗauka a wata. Ni nake rungume ta a cinya. Me zan gyara? Daga wata uwa a Ɗorayi.

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki ladan wannan hidima. Gaskiyar magana, adaidaita ba za ta kai mota mai bel aminci ba, amma akwai abubuwan da za su rage haɗarin sosai.

Rungumar cinya ita ce ta farko da za a bari. In aka ci birki, hannu ba ya iya riƙe yaro, kuma nauyinki zai danne ta a jikin ƙarfen da ke bayan direba. Ki zaunar da ita a tsakiyar kujerar baya, ke a gefenta na dama, wani babba ko yayarta a hagu. In ku biyu ne kawai, a sa mai walda ya toshe gefen hagu da ƙarafa biyu, domin ta nan motoci ke wucewa. Ta dama za ku riƙa hawa da sauka. Tunda haya ce ta wata, ki yi magana da mai adaidaitar a kafa bel na ƙugu a jikin ƙarfen kujerar da noti, kuma a naɗe ƙarfen gabanta da soso. Ki naɗe tawul biyu ki sa a gefen haƙarƙarinta dama da hagu don kada ta karkace. Kada ki sa matashi a bayanta ko a ƙarƙashinta, yana sa yaro ya sulale ta ƙarƙashin bel. Kada kuma a ɗaure kanta ko wuyanta da wani abu. Maganar tallafin wuya ki kai ta sashen gashin ƙashi na Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano, su auna ta su faɗi wanda ya dace.

Ɗaukarta ma da hanyarsa. Kada a ja ta ta hannu ko ta hammata. Irin waɗannan yara ƙashin ƙugunsu na saurin gocewa. A fara lanƙwasa mata gwiwa da ƙugu a hankali, hakan yana sassauta sandarewar. In ta yi nauyi, mutum biyu: ɗaya ta baya ya rungumi ƙirji, ɗaya ya tallafi cinyoyi, a ƙirga a ɗaga tare. Ki faɗa mata kafin a taɓa ta, domin firgita na ƙara sandare jiki.

Ki yi yarjejeniya da direban a fili: ba ɗaukar fasinja a hanya, ba bin hannun da ba nasa ba, a lallaɓa a kan tudun rage gudu. Gara ku fita da wuri ku bi hanya mai nisa mai kyau da ku yanke ta lungu mai ramuka.

TAMBAYA: Ni direban motar makaranta ne. A cikin yaran akwai mai farfaɗiya. In ta tashi muna tsakiyar Titin Zariya, me zan yi? Yaron motata ya ce a sa masa cokali a baki. Daga wani direba a Na'ibawa.

AMSA: Malam direba, ka hana shi. Cokali karya haƙori yake yi, yana kuma iya toshe numfashi. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Haka kuma yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa cutar, don haka babu dalilin gudu.

Ka kunna fitilar gargaɗi, ka gangara gefe ka tsaya, ka duba agogo. In yaron na ɗaure da bel, a bar shi a ɗaure, a tallafi kansa da hannu ko jaka mai laushi don kada ya bugi gilashi. Kada a danne shi, kada a watsa masa ruwa. A sassauta wuyan rigarsa. Da fizgar ta tsaya, a kwantar da shi a gefensa don yawu ya zubo, kada a ba shi ruwa ko abinci sai ya dawo hayyacinsa sarai. Yawanci cikin minti biyu zuwa uku take lafawa. A wuce asibiti mafi kusa idan ta haura minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, ko numfashinsa bai daidaita ba. Sauran yaran a yi musu magana cikin natsuwa, in ya yi fitsari a rufe shi da mayafi, mutuncinsa ne.

Wurin zamansa ya zama kusa da mai kula da yara a motar, ba can ƙurya ba. Kuma a motar a ajiye kati ga kowane yaro: lalurarsa, maganin da yake sha, asibitin da yake zuwa, lambobin mutum biyu daga gidansu. Iyaye su sanar da safe in bai sha magani ba, ko bai yi barci ba, ko yana zazzaɓi, waɗannan ne suka fi tayar da ita.

Tunda kai ne mai motar, ga wani abu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano na haura digiri 40, mota a rufe kuwa tanda ce. Yaron da ba ya magana ko ba ya iya tashi ba zai ƙwanƙwasa gilashi ba. A riƙa kiran suna a hawa da sauka, kuma kafin ka kulle, ka taka da ƙafarka har kujerar ƙarshe ka leƙa ƙarƙashi. Kowace rana, safe da yamma.

TAMBAYA: Makafi da kurame fa? Ai su suna tafiya da ƙafarsu. Daga wata malama a Sharaɗa.

AMSA: Malama, haɗarinsu a bakin mota yake, ba a ciki ba. Malaman makarantar makafi da kurame ta Tudun Maliki sun san wannan sarai. Makaho ba a tura shi, ba a jan sandarsa. Shi zai kama hannun mai jagora a saman gwiwar hannu. A ɗora hannunsa ɗaya a saman ƙofa ya san inda zai sunkuya, ɗayan a bayan kujera, sauran zai yi da kansa. Kujerarsa ta zama guda kullum, a kuma faɗa masa in akwai kwata a inda zai sauka. Kurma ba ya jin hon, don haka ƙofar mota ta kasance a gefen gidansu, in kuwa dole sai ya tsallaka, mai kula ya sauka ya tsallakar da shi ta gaban mota, inda direba ke ganinsu. Mai kula ya koyi alamun hannu ko da biyar ne: tsaya, zauna, sauka, jira, haɗari.

TAMBAYA: Makaranta ta ce ba za ta ɗauki ɗana a motarta ba saboda sandunansa na cin wuri. Doka ta yarda? Daga wani uba a Kurna.

AMSA: Baba, dokar tarayya ta hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta ware mutum saboda nakasarsa. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko ƙungiya, ga mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Wa'adin shekara 5 da ta bayar don a gyara gine-gine da ababen hawa ya riga ya cika. Ka fara da rubuta wa hukumar makarantar takarda, ka ajiye kwafi. Ka haɗa da mafita a ciki: a ba shi kujerar da ke kusa da ƙofa, a kwantar da sandunan a ƙarƙashinta a ɗaure su da maɗauri ɗaya, shi ne na ƙarshen hawa kuma na farkon sauka, a ƙara minti biyu a tashar gidanku. In sun ƙi, ka kai takardar ma'aikatar ilimi ta jiha, ka kuma nemi reshen Kano na haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman, JONAPWD, su raka ka.