Amsa ga ƙanena mai shirin tuƙo mota daga Teksas zuwa Minesota

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki ƙwarai da jin cewa ka sami gurbin karatu a birnin Miniyapolis na jihar Minesota a Amurka, Allah Ya sanya albarka. Ka ce za ka fara sauka a birnin Hiyustan na jihar Teksas wajen wani ɗan'uwa a watan Agusta, ka sayi mota ta hannu a can, ka loda kayanka, ka tuƙo ta da kanka kafin a shiga aji. Tambayarka ita ce ko tsohuwar mota za ta jure wannan tafiya, da kuma yadda baƙo yake samun kayan gyara da bakanike a garin da bai san kowa ba.

Ita tafiyar ba ta tayar mini da hankali ba. Tsakanin garuruwan biyu kimanin mil 1,200 ne, wato kusan kilomita 1,900, kuma kwalta ce mai kyau daga farko har ƙarshe: ka bi babbar hanyar I-45 zuwa Dalas, daga nan I-35 ta miƙe da kai arewa, ta ratsa Okalahoma da Kansas da Mizuri da Ayowa. Mota mai lafiya ba ta jin irin wannan hanya, domin gudu bai ɗaya ya fi wa inji sauƙi a kan tsaya-da-tafi na cikin gari. Abin da nake so ka sa a ranka shi ne tafiyar kwana biyu ce kawai, zaman kuwa na shekaru ne, don haka garin da za ka zauna shi ya kamata ya zaɓa maka mota, ba garin da za ka saye ta ba.

Shekarar da na yi irin wannan ƙaura, kyau da araha suka ja ni na sayi wata motar Turai wadda ba kasafai ake ganin irinta a hanya ba. Famfon ruwanta ya lalace kusa da wani ƙaramin gari, janwe ya kai ni gareji, mai garejin ya duba ya ce aikin bai wuce na rabin yini ba, amma babu famfon a dukan shagunan garin, sai an aiko da shi daga nesa. Kwana huɗu na yi a masauki ina jira, duk abin da na mallaka yana cikin motar, ga ranar fara aiki tana ƙaratowa. Ba na so ka ɗanɗani wannan. Ka nemi motar da ta cika tituna, irin su Corolla da Camry da Civic da Accord, waɗanda kowane bakanike ya kwance su ya ɗaura sau ba adadi, kuma kowane shago yake ajiye kayansu a kan kanta.

Sayen mota a Teksas dabara ce mai kyau ta fuska ɗaya: ba a zuba gishiri a titunan can kamar yadda ake yi a arewa lokacin ƙanƙara, saboda haka ƙarƙashin motocinsu ba ya cin tsatsa, alhali motar da ta yi shekara goma a Minesota sau da yawa za ka tarar bututun birki da salansa sun rube. Haɗarin Hiyustan kuma ruwa ne. Guguwar Harvey ta shekarar 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin, kuma ambaliya ba ta daina aukuwa ba tun daga lokacin. Motar da ruwa ya shanye tana iya tashi lafiya yau, amma wayoyinta suna ci gaba da lalacewa a ɓoye, kuma babu gyaran da ya kai na lantarki cin kuɗi da ɓata rai. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ramin safaya da ƙarƙashin kujeru ko akwai laka ko tsatsa. Ka karanta takardar mallaka, wadda suke kira taitil, ka tabbata sunan mai sayarwa ne a kanta, babu bashin banki, kuma ba a buga mata alamar cewa kamfanin inshora ya taɓa yanke mata hukuncin mutuwa ba. Sannan ka kai ta wajen bakaniken da ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya ɗaga ta sama ya duba. Wanda ya ƙi yarda a duba motarsa, ka yi masa sallama.

Kafin komai, ka san lambar VIN, wato lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda take a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin madogarar ƙofa. A ƙasar nan ita ce sunan motar na gaskiya. Da ita za ka bincika tarihinta a shafin intanet na Carfax, da ita za ka shiga shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ka ga ko kamfani ya yi kiranyen wani ɓangare nata, wanda dila zai canza maka kyauta, kamar yadda aka yi da jakunkunan iska na Takata a miliyoyin motoci. Da ita kuma za ka sayi kayan gyara, domin mota iri ɗaya ta shekara ɗaya tana iya zuwa da inji iri biyu ko birki iri biyu, kuma mai shago ba zai yi maka kintace da ido ba. Ka ɗauki hotonta a waya, ka kuma rubuta ta a takarda.

Gyaran da za ka yi kafin tashi ba shi da yawa. A yi juyen baƙin mai, a duba birki da ruwan lagireto da robobinsa, a gwada batir, domin zafin Teksas yana cinye batir a hankali, sanyin arewa kuma shi yake ƙarasa shi. Ka tambayi ko taimin ɗin injin da bel yake aiki ko da sarƙa: Corolla tun daga 1998 sarƙa ce, amma injinan Honda masu silinda shida bel ne, kuma idan ya tsinke a kan gudu yana iya kashe injin gaba ɗaya, don haka in babu shaidar an canza shi, motar kuma ta doshi mil 100,000, a canza. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta, ta yadda 2319 yake nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko da zanenta bai suɗe ba, ba abin amincewa ba ce a kan kwalta mai zafi da kaya niƙi-niƙi. Iskar da ta dace da tayoyi, da kuma nauyin da motar take iya ɗauka, duk suna rubuce a jikin madogarar ƙofar direba, kuma nauyin ya haɗa da kai kanka. Duk wannan aikin a gama shi mako guda kafin tafiya, ka zagaya da motar a gari, saboda idan an bar wani noti a kwance, gara ya bayyana kusa da wanda ya yi aikin.

Kada ka motsa motar ba tare da inshora ba, kuma ka sa a haɗa maka da taimakon kan hanya, ko ka yi rajista da AAA, ƙungiyar da take taimakon direbobi idan mota ta lalace, ka kuma tambayi mil nawa janwensu zai ja ka. Ka tambayi ofishin harajin gunduma a Teksas game da izinin hawa titi da motar na wucin gadi, don kada ka yi rajista sau biyu. A hanya kuwa, tuƙin ya kai awa 17 zuwa 18, ka raba shi gida biyu, ka kwana a Okalahoma ko Wicita, kuma da zarar ka ji gyangyaɗi ka ratse. Wani yanki na hanyar a Kansas na biyan kuɗi ne. Ka riƙa lura da ƙananan alluna kore masu nuna lambar mil a gefen titi, domin da su za ka gaya wa mai janwe inda kake. Idan allurar zafi ta hau, ka tsaya ka kashe inji, kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce. Ƙaramar safayar nan kuma ba a wuce mil 50 a awa da ita, aikinta ta kai ka wajen mai faci.

In ka isa, Minesota tana ba sabon mazauni kwana 60 ya mayar da rajistar mota da lasisi, kuma mai lasisin ƙasar waje yakan zauna jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Tsarin inshorarta ya bambanta da na Teksas, don haka ka sanar da kamfaninka sabon adireshi a makon farko.

Yanzu ga batun kayan gyara. Dila shi yake da na asali, shi ne kuma mafi tsada, kuma ba na zuwa wurinsa sai don kiranye ko wani abin lantarki da na waje ba ya jituwa da motar. Kada wani ya tsorata ka cewa gyara a waje yana soke garanti, domin dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana a tilasta maka yin gyara a wajen dila kaɗai. Bayan dila akwai manyan shaguna irin su AutoZone da O'Reilly da NAPA da Advance, waɗanda da wuya ka rasa ɗayansu a unguwa. Yawancinsu suna gwada batir kyauta, suna ara maka kayan aiki idan ka ajiye jingina, suna karɓar tsohon baƙin mai, kuma idan fitilar inji ta kama za su jona na'ura a kafar OBD-II, wadda kowace mota tun daga 1996 take da ita a ƙarƙashin sitiyari, su karanta maka lambar matsalar. Sai dai lambar tana nuna wurin da za a fara bincike ne, ba ta ce ga abin da za a canza ba, kuma na ga ɗalibai da yawa sun sayi abu uku a jere a kan lamba ɗaya, matsalar kuwa waya ce ta tsinke. Idan ka sayi batir ko altaneta ko kik, za a ɗora maka wani kuɗi da ake mayarwa in ka kawo tsohon, don haka kada ka yar da shi.

Abin da ba na gaggawa ba, ka yi odarsa ta intanet a wuri irin RockAuto, inda za ka ga kamfanoni da dama a jere. A nan sanin suna yake amfani: Denso da Aisin su suke ƙera wa Toyota abubuwa da yawa tun daga masana'anta, saboda haka kayansu a kwalinsu kusan na asali ne. Mafi arahar da ba ka taɓa jin sunansa ba, kada ka sa shi a birki ko sitiyari. Madubi da fitila da ƙofa da bamba kuwa, filin matattun motoci ya fi, inda za ka shiga da sifanarka ka kwance da kanka, kuma shafin Car-Part.com yana nuna maka filin da yake da abin da kake nema.

Bakanike kuma a neme shi tun mota tana lafiya. Ka tambayi 'yan'uwa a masallaci da tsofaffin ɗalibai, ka fi ba da ƙarfi ga direbobin tasi, domin su motarsu ita ce abincinsu, kuma ba sa komawa inda aka cuce su. Ka fara kai masa ƙaramin aiki kamar juye, ka ga ko zai nuna maka abin da ya gani da idonka, ko kuwa zai jero maka gyare-gyare goma don ya ga baƙo. Shaidar ASE, wato takardar ƙwarewar bakanike, a bango alama ce mai kyau, amma ba ta kai shaidar wanda ya shekara biyar yana zuwa wurin ba. A nan da awa ake lissafin kuɗin aiki, kuma sau da yawa ya fi kuɗin kayan. Dokar Minesota ta ba ka damar neman ƙiyasi a rubuce, gareji kuma ba zai haura shi da fiye da kashi 10 cikin 100 ba sai da izininka, sannan kana iya cewa tun farko a ajiye maka abin da aka cire. Gareji da yawa ba sa ɗaura kayan da ka kawo da kanka, waɗanda suke ɗaurawa kuma ba sa ba da garanti a kansu, don haka ka tambaya kafin ka saya. Ka kuma karanta yarjejeniyar gidan da za ka haya, domin da yawa sun hana gyaran mota a wurin ajiye motoci.

Kafin Oktoba ya ƙare ka shirya wa sanyi, domin a Janairu akwai dararen da yake wuce digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. Ruwan lagireto ya zama rabi maganin daskarewa rabi ruwa, wanda yake jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Zallan ruwa zai daskare ya fasa inji. Ruwan wanke gilashin da ka taho da shi daga kudu ka ƙarar da shi ka zuba na hunturu. Idan batirin ya haura shekara uku kuma gwaji ya nuna rauni, ka canza shi tun kafin ya ƙi tashi da asuba. In da hali ka sa tayoyin hunturu masu tambarin dutse da ƙanƙara, ka kuma nemi fili babu kowa ka koyi yadda mota take sulɓewa ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka. Ka riƙa wanke ƙarƙashinta saboda gishiri, ka ajiye bargo da shebur da wayar jona batir a but. Birnin Miniyapolis yana shelar dokar share ƙanƙara, wadda take sauya gefen titin da ake ajiye mota, kuma wanda bai matsar da tasa ba janwe yake ɗauke ta, saboda haka ka yi rajistar samun sanarwar a wayarka.

Idan ka ga motar da ta kwanta maka a rai, ka turo mini lambar VIN da hoton takardar mallakar da adadin mil ɗin da ta yi kafin ka ba da ko sisi, mu duba tare. Ka gaishe da mutanen gida, Allah Ya kawo ka lafiya.