Fatawa: Sayen mota biya kaɗan-kaɗan, kafin alƙalami da la'adar dillali

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ma'aikaci ne a Kano, ina kuma ɗan taɓa kasuwanci bayan an tashi daga aiki. Idan na haɗa duka, abin da ke shigo mini a wata bai wuce naira 450,000 ba. Ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, ga mahaifiyata a hannuna. Shekara uku ina tari, da adashe da kuɗin wani fili da na sayar, har na haɗa miliyan 8 don in huta da babur. Na ga wata Beljiyam a wurin wani dila ta kwanta mini. Ya ce lakadan miliyan 10 ce. In kuwa ba zan iya ba, in ba da miliyan 8 ɗin, a mayar da kuɗinta miliyan 11, in cika sauran miliyan 3 cikin wata 12. A takardar akwai sharaɗin duk watan da na yi jinkiri za a ɗora mini kashi 5 cikin 100. Ya kuma nemi kafin alƙalami naira 500,000, in na fasa ya zama nasa. Wani abokina ya ce in bar duk wannan, in ci bashin albashi a banki in biya lakadan. Shi kuma wanda ya raka ni wurin, na ji ƙishin-ƙishin dilan zai ba shi wani abu ban da la'adar da zan ba shi. Malam, wanne ya halatta, wanne ya haramta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, son abin hawa ba laifi ba ne. Allah ya lissafa dawakai da alfadarai da jakuna cikin ni'imominsa a aya ta 8 ta Suratun Nahli, ya ce don ku hau kuma don ado, sannan ya ce yana halittar abin da ba ku sani ba. Ibn Hibban ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa abin hawa mai daɗi yana cikin abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa, tare da mace tagari da yalwataccen gida da maƙwabci nagari. Mai 'ya'ya biyar da tsohuwar da za a riƙa kaiwa asibiti ba ya buƙatar ya ba kowa haƙuri don ya nemi mota.

Shawarar abokinka ita ce mafi sauƙin amsawa. Bashin da za a ba ka miliyan 2 ka mayar da fiye da haka riba ce, kowane suna aka sa mata. Jabir ya ruwaito, a Sahihu Muslim, cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cin riba da mai ba da ita da marubucinta da shaidunta biyu. Mota buƙata ce, ba ta kai larurar da ke halatta haram ba, tunda kana da babur kuma kana da miliyan 8 a hannu. Wannan ƙofa ka rufe ta.

Shi kuwa ƙarin miliyan 1 da dila ya yi saboda jinkirin biya, mutane da yawa suna ɗaukarsa riba, alhali ba ita ba ce. Mazhabobin nan huɗu sun halatta a sayar da kaya bashi da farashin da ya ɗara na lakadan, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990. Bambancin a nan yake: banki kuɗi ya ba ka yana neman kuɗi da ƙari, dila kuwa mota ya sayar maka, kuma mai kaya shi ke yanka wa kayansa farashi. Allah ya halatta ciniki, ya haramta riba. Sai dai da sharaɗi. Kafin ku rabu ku tsaya a kan farashi ɗaya. Ba laifi ya ce maka lakadan kaza, bashi kaza, lokacin da kuke tayi. Laifin shi ne ka ɗauki makulli ka tafi ba a san a wanne aka tsaya ba. Haka Imam Tirmizi ya kawo fassarar malamai ga hadisin da ya hana ciniki biyu cikin ciniki ɗaya. Idan kun tsaya a miliyan 11, ta zauna ke nan, ba ta motsi.

Daga nan za ka gane hukuncin kashi 5 ɗin nan na jinkiri. Da zarar ciniki ya faɗa, miliyan 3 ɗin ta zama bashi a wuyanka, kuma duk ƙarin da aka ɗora wa bashi saboda lokaci ya ja, ita ce ainihin ribar jahiliyya, wadda mai bin bashi ke cewa ko ka biya ko ka ƙara. Bai halatta ka sa hannu a kai ba, ko da kana ganin ba za ka taɓa yin jinkiri ba, domin sa hannun kansa yarda ce da sharaɗin riba, kuma ma'aikacin da ya san yadda albashi ke makara bai kamata ya yi wa gobe alkawari irin wannan ba. Ka ce a soke wannan layi. Idan dila yana tsoron kuɗinsa, kuma yana da gaskiya ya ji tsoro a wannan zamani, shari'a ta ba shi hanyoyi: ya nemi wanda zai tsaya maka, ko ya riƙe takardun motar na asali a matsayin jingina har ka gama biya. Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya ƙwace motar ranar da ka gaza, ya kuma haɗiye abin da ka riga ka biya. In ta kai ga haka, sai a sayar da motar, ya ɗauki ragowar bashinsa, a miƙo maka saura. Ku rubuta komai da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni, ko da dilan ɗan unguwarku ne.

Akwai kuma bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Abin da suke yi a harkar mota shi ne murabaha: banki ya sayi motar ta zama tasa, sannan ya sayar maka da ribar ciniki sananniya, ka biya a hankali. Wannan ya halatta idan an bi tsarin yadda yake. Inda ake tuntuɓe shi ne mutum ya riga ya gama ciniki da dila, har ya ba da wani abu, sannan ya je banki ya cika masa. A nan bankin bai sayi komai ba, bashi ya ba ka, suna kawai aka canza. Annabi (SAW) ya ce wa Hakimu ɗan Hizam kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa. Don haka in wannan hanya za ka bi, ka nuna musu motar, ka janye hannunka, su saya su mallaka tukuna.

Kafin alƙalamin da ba a mayarwa, malamai sun yi saɓani a kansa tun da can. Imam Malik ya hana, haka Abu Hanifa da Shafi'i, domin a ganinsu mai kaya ya ci kuɗin mutum ba tare da ya ba shi komai ba. Imam Ahmad ya halatta, ya kafa hujja da gidan da Nafi'u ɗan Abdul Haris ya saya wa Umar daga Safwanu ɗan Umayya a Makka, bisa sharaɗin idan Umar bai amince ba Safwanu zai riƙe dirhami 400. Majalisar fiƙihun da na ambata ta ɗauki wannan ra'ayi a 1993, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Ba zan ce wanda ya bi Ahmad ya yi zunubi ba. Amma ni abin da nake ba ka shi ne na Malik, kuma shi ya fi tsare maka aljihu: ka ba da kuɗin bisa sharaɗin idan ciniki ya tabbata a lissafa shi cikin farashi, idan bai tabbata ba a mayar maka. Naira 500,000 ta fi abin da kake samu a wata. Dilan da ya ƙi mayar da kafin alƙalami ko da bakanikenka ya gano aibi a motar, ya gaya maka wani abu game da motar da bakinsa bai faɗa ba.

Wannan ya kawo mu inda na fi so ka buɗe ido. Abin da muke kira sabuwar mota a nan, mafi yawanta wani ya hau ta shekaru a Turai ko Amurka kafin ta iso. Wata ta yi haɗari an ƙwanƙwasa an shafe da fenti, wata ambaliya ta shanye ta aka yi gwanjonta, wata an mayar da mitar da ke ƙirga tafiyarta baya don a ga kamar ba ta sha hanya ba. Wannan na ƙarshe yana da ɗan'uwa a hadisi. Larabawa sukan ƙi tatsar taguwa ko tunkiya kwanaki kafin a kai ta kasuwa, don hantsarta ta cika mai saye ya ɗauka mai nono ce. Annabi (SAW) ya hana, ya ba wanda ya saya zaɓi bayan ya tatsa, ko ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Mai juya mita da mai ɗaure hantsa sana'arsu ɗaya. Idan ka saya sannan ka gano tsohon aibin da aka ɓoye maka, irin wanda ke rage kuɗin mota, kana da haƙƙin mayarwa ka karɓi kuɗinka. Cewar da dila zai yi wai yadda ka gan ta haka ka saya ba ta wanke shi daga aibin da ya sani ya yi shiru.

Amma samun haƙƙi a littafi daban, ƙwato shi daga hannun wanda ya riga ya juya kuɗin daban. Kuma ka sani a mazhabar Malik ciniki yana ƙulluwa da magana. Da ka ce na saya, ya ce na sallama, an gama, ko ba ku tashi daga wurin ba. Saboda haka kafin wannan kalma ta fita daga bakinka, ka nemi a sa sharaɗin zaɓi na kwana biyu ko uku. Malamanmu sun ba dabbar hawa kamar kwana uku don a gwada ta, mota ce ta gaje ta. Cikin kwanakin nan bakanike ya duba inji da giya da ƙarƙashinta, a bincika lambar shasi a intanet don a ga tarihinta, a kuma tabbatar da takardun kwastan na gaske ne. A farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da aka ce ta Kwatano ce sai an ƙara bin diddigin takardunta. Motar sata kuwa, in mai ita ya bayyana da hujja, tasa ce, kai sai dai ka bi wanda ya sayar maka.

Tayi ba rowa ba ne. Annabi (SAW) da kansa ya taya raƙumin Jabir a hanyarsu ta komawa Madina. Ka taya, a ce maka albarka, ka ƙara ko ka juya. Idan kana tsaye wani ya ɓullo yana taya motar sama da kai, kuma alamu suka nuna yaron gidan ne, wannan shi ne najashi da aka hana, zunubin yana kansu, kai dai kada zuciyarka ta hau.

La'adar dillali halal ce idan an san ta. Wanda ya raka ka, in matsayinsa mai haɗa ciniki ne kawai kuma kowa ya san yana karɓa ta ɓangare biyu, babu laifi. In kuwa kai ka ɗauke shi ya duba maka, ya taya maka, ka dogara da ganinsa, to wakilinka ne, kuma abin da zai karɓa a ɓoye daga dila ha'inci ne, domin daga cikin kuɗinka aka ɗora shi, kuma wanda ke jiran ciniki ya faɗa kafin ya samu ba zai ce maka motar nan ba ta yi ba. Haka hukuncin yake ga bakanike. Kada ka yi masa hukunci da ƙishin-ƙishin. Ka tambaye shi kai tsaye, cikin mutunci, ka kuma biya bakanikenka ladan dubawa ko an saya ko ba a saya ba.

Saura abin da ba ka tambaya ba, wanda a ganina ya fi duk waɗannan nauyi a kanka. Miliyan 3 cikin wata 12, naira 250,000 ke nan duk wata. Ka cire daga 450,000, saura 200,000 ga mutum takwas, ci da sha da makaranta da magani. Motar kuma ba ta fara cin nata ba. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A ƙarshen 2024 ta haura 1,000. In kana ƙona lita 5 a rana, lita 150 ke nan a wata, ka ninka da farashin gidan mai na yau ka gani. Ga lamba da takardu, ga juyen baƙin mai, ga taya da batir, ga abin da Beljiyam kan nema a watanninta na farko. Ciyar da iyali da mahaifiya wajibi ne, wannan mota ta miliyan 11 kuwa mubahi ce, kuma ba a tauye wajibi don mubahi. Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. A'isha kuma ta ce Annabi (SAW) yana yawan neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili ya ce mutum idan bashi ya kama shi sai ya yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Cinikin dila, in an cire sharaɗin jinkiri, ingantacce ne, ba zan haramta maka shi ba. Amma da ƙanena ne kai, da na ce ka nemi ta miliyan 7 ko ƙasa da haka ka biya lakadan, ka bar miliyan 1 a gefe don takardu da gyaran farko.

Inshorar dole, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 ga motar gida daga farkon 2023, ka yi ta a kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, idan kana iya samu. In ba ka samu ba, ka yi wadda hukuma ta tilasta, babu zunubi a kanka. Motar hawa babu zakka a kanta, domin hadisi ya ɗauke zakka daga dokin da Musulmi ke hawa. Kuɗin da ka tara kuwa, niyyar sayen mota ba ta ɗauke musu zakka ba. Ka duba nisabin da ake sanarwa, wanda ake ƙiyastawa da dinari 20, kimanin giram 85 na zinare. Idan a wata shekara cikin ukun nan abin da ke hannunka ya kai nisabin lokacin kuma ya shekara, ka fitar da kashi 2.5 cikin 100 na wannan shekarar kafin ka kai wa dila sauran.

Allah ne mafi sani.