Tambaya da Amsa: Satifiket ɗin da Ke Hannuna Zai Yi Aiki a RabbitMQ?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Muna amfani da RabbitMQ a matsayin dillalin saƙonni tsakanin manhajojinmu, kuma har yanzu saƙonnin a buɗe suke tafiya. Muna da satifiket ɗin TLS, wato tsarin rufe sadarwa don kada wani ya karanta ta a hanya, wanda shafinmu na intanet yake aiki da shi. Shin zai yi mana, ko sai mun nemi sabo?

Amsa: Zai yi, ɗan'uwa, muddin sunan da manhajojinku suke kiran sabar da shi yana cikin sunayen da aka rubuta a satifiket ɗin kuma wa'adinsa bai ƙare ba. Nan ne aka fi yin tuntuɓe, domin idan aka kira sabar da lambar IP alhali suna kaɗai ke rubuce, manhaja mai tantancewa za ta ƙi haɗuwa, kuma tana da gaskiya.

RabbitMQ yana karanta fayiloli a tsarin PEM, saboda haka idan naku PFX ne, ku juya shi da umarnin openssl pkcs12. Sannan a cikin fayil ɗin saitunansa, wato rabbitmq.conf, ku saka listeners.ssl.default = 5671, wato ƙofar rufaffiyar sadarwa, domin 5672 ta buɗaɗɗiya ce. Ku nuna satifiket a ssl_options.certfile, mabuɗin sirri a ssl_options.keyfile, sai takardun hukumar da ta sa hannu a satifiket ɗin, har da na hukumomin tsakiya, a ssl_options.cacertfile. Dole asusun da RabbitMQ ke gudana da shi ya iya karanta mabuɗin, amma kada wani asusu daban ya samu wannan izini.

Abin da na fi so ku kula da shi shi ne tantance masu shigowa. Idan kuka kunna verify_peer tare da fail_if_no_peer_cert, kowace manhaja sai ta gabatar da nata satifiket. To amma idan hukumar da kuka aminta da ita ta kowa da kowa ce, duk wanda ta ba satifiket zai tsallake wannan shingen. A ganina, in har za ku tantance manhajoji ta wannan hanya, ku kafa hukumarku ta cikin gida.

Bayan kun sake tayar da sabar, ku gwada da openssl s_client a kan 5671, ku tsaya a TLS 1.2 da 1.3, tunda IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ta jingine 1.0 da 1.1 a 2021. Idan duk manhajoji suka koma sabuwar ƙofar, ku rufe tsohuwar ƙofar da listeners.tcp = none.