Kolumbus ɗan Sifaniya ne ko ɗan Italiya?

Malam, ka tambaya ko Kolumbus ɗan Sifaniya ne, tunda daga can ya tashi a 1492 a tafiyarsa ta jirgin ruwa da ta kai shi yankin Amurka. A'a, ɗan Jenowa ne, birnin tashar jiragen ruwa a arewa maso yammacin Italiya. Can aka haife shi a 1451, mahaifinsa masaƙin ulu. Sarakunan Sifaniya nauyin tafiyar kawai suka ɗauka.

Sai dai in za ka rubuta, ka ce ɗan Jenowa, don a zamaninsa jamhuriya ce mai cin gashin kanta. Italiya ba ta dunƙule ba sai 1861. Na taɓa tsayawa gaban gidan da ake cewa nan ya taso, dab da ƙofar ganuwa ta Porta Soprana. Ɗan mitsitsi ne, motoci na ta wucewa gefensa, na daɗe ina kallonsa.