Wa ake kira ɗan ta'adda? Amsoshin tambayoyin masu karatu

Wani malamin makaranta daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ya rubuto: "Malam, in aka kai hari a Difa sai mu ji an ce ƴan ta'adda, in kuwa Bature ya buɗe wuta a masallaci sai wasu su ce ɗan bindiga. Kalmar tana da ƙabila ne? Kuma yaya za a ce extrême droite da Hausa?"

Malam, kalmar ba ta da ƙabila, ba ta da addini. Asalinta Larabci ne, ta'addi, wato ƙetare iyaka da zalunci, kuma saiwarta ɗaya da adawa. Tun da daɗewa Bahaushe yana da ta'adi: akuya ta tsinke ta shiga gonar gyaɗa, an ce ta yi ta'adi. Ta'addanci ya fi wannan nauyi ƙwarai, ɗafin da ke ƙarshensa kuwa irin na iskanci da shaiɗanci ne, yana nuna halin da mutum ya mayar tafarkinsa.

Kafin ka sa wa aiki wannan suna, duba abu uku. Waɗanda aka kai wa harin bayin Allah ne da ba su riƙe da makami? An yi shi ne don a firgita al'umma gaba ɗaya, har da waɗanda ba su wurin? Akwai aƙida ko manufar siyasa a bayansa? In ukun sun haɗu, ta'addanci ne ko wane ne ya aikata. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 wani mai aƙidar fifita farar fata ya shiga masallatai biyu a Christchurch, ƙasar Niyu Zilan, mutum 51 suka rasu. A ranar Firaminista Jacinda Ardern ta kira shi harin ta'addanci, bayan ƴan kwanaki ta faɗa a majalisa cewa ba za ta taɓa ambaton sunan maharin ba, tunda suna yake nema. A 2020 kotu ta ɗaure shi rai da rai, har da laifin ta'addanci a cikin tuhumar. Wanda ya kashe mutum 77 a Nowe a Yulin 2011 shi ma ɗan ta'adda ne. "Ɗan bindiga" makami kawai ya ambata, ya bar niyya a ɓoye. Ai mafarauci ma da bindiga yake yawo. Duk gidan rediyon da ya ce wa maharin Difa ɗan ta'adda, ya ce wa Baturen da ya kai hari masallaci ɗan bindiga, ya yi son kai.

Batun extrême droite kuwa, wanda a Faransanci yake nufin can ƙarshen hannun dama, kada ka fassara shi kai tsaye. Ya samo asali ne daga majalisar Faransa a 1789, inda masu goyon bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban majalisa. A wurin Bahaushe dama alheri ce: da ita ake ci, da ita ake gaisawa, kuma "na hannun dama" amintacce ne. In ka ce "ƴan dama" ɗalibanka za su ji kamar yabo. Faɗi abin da mutanen suke: masu ƙyamar baƙi, masu fifita farar fata, ko masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa.

Wata ɗaliba a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta tambaya: "Baba, mene ne bambancin tsattsauran ra'ayi da ra'ayin riƙau? Ina ji ana cakuɗa su."

Ƴata, kin ji daidai, ana cakuɗa su, kuma kuskure ne mai cutarwa. Tsattsaura daga tsauri yake, kamar yadda ƙaƙƙarfa ya fito daga ƙarfi, zazzafa daga zafi. Jam'insa tsaurara, shi ya sa ake cewa "tsauraran matakai". Riƙau daga riƙe yake, sigarsa ɗaya da mantau da jimrau. Mai ra'ayin riƙau ya riƙe abin da ya gada bai son a sauya. Dattijon da ya ce ba za a ɗaura auren ƴarsa sai yadda aka ɗaura na kakanninsa, mai riƙau ne, bai zalunci kowa da makami ba. Mai tsattsauran ra'ayi kuwa ya rufe ƙofar uzuri ga duk wanda ya saɓa masa, sau da yawa ma shi ne ke rusa abin da aka gada. Malamai suna kiran wannan guluwwi, kuma Alƙur'ani ya hana shi a sura ta 4, aya ta 171. Hausar da ta fi kama ma'anar ita ce wuce gona da iri: mai shuka ya kai kan iyaka bai tsaya ba, ya ci gaba da zuba iri a gonar maƙwabci. Kada ki kira mutum mai tsattsauran ra'ayi don tsawon gemunsa ko yawan nafilarsa. Alamar tana bayyana ne ranar da ya fara kafirta jama'a yana halatta jininsu da dukiyarsu.

Wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Ɗan Isa da Jibiya ya ce: "Malam, me ake nufi da kan mai uwa da wabi? Kuma tunda an ce wake ɗaya kan ɓata gari, ba daidai ne a zargi dangin mai laifi ba?"

Alhaji, wabi shi ne mace ta yi ta haihuwa ƴaƴan suna mutuwa tun suna ƙanana; itacen da ke zubar da ƴaƴansa tun ba su nuna ba shi ma yana wabi. Saboda haka ake laƙaba wa ɗan wabi suna irin Ajuji ko Ajefas, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko ya tsaya. A Hausar yau "harbin kan mai uwa da wabi" shi ne wanda bai zaɓi kowa ba, ya sami tsoho ya sami jinjiri.

Karin maganar wake kuwa, gari na tuwo ake nufi, wanda ake jan wasalinsa na farko, ba gari na mazauna ba. Gargaɗi ne ga ƴan gida su tsawata wa ɓata-garin cikinsu kafin ya jawo musu zagi. Bai bai wa na waje izinin hukunta gida duka ba. Wannan aikin yana da nasa suna, kuɗin goro, wato a haɗa babba da ƙarami a yi musu farashi ɗaya. Mun ga illarsa a Janairun 2015, lokacin da fushi kan zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga ya kai ga ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, aka yi asarar rayuka, alhali Kiristocin Nijar ba su zana komai ba. Muna ganinsa yau a Madarumfa da Gidan Rumji, inda laifin ɓarayin daji ke sa a kalli kowane makiyayi da ido ɗaya, ko da shi ma an kore masa shanu an yi garkuwa da ɗansa. Alƙur'ani ya faɗa a sura ta 6, aya ta 164, cewa rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani rai. Don haka, Alhaji, in kana ba da labari a tasha ko a kasuwa, ka ce "ɓarayin daji sun tare hanya" ko "masu garkuwa da mutane sun shiga ƙauye", ka bar sunan ƙabila a gefe.