Tambayoyinku: na'urorin da ke taimaka wa ɗalibai masu wahalar karatu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 11. In aka karanta masa darasi yana ganewa tsaf, amma in aka miƙa masa littafin sai ya yi ta in'ina yana tsallake layi. An gwada shi an ce disleksiya ce. Ina tsoron in waya ta riƙa karanta masa ba zai ƙara koyon karatu ba. Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, disleksiya ba ƙarancin basira ba ce. Matsalar tana wurin haɗa harafi da sautinsa, shi ya sa yaro ke ƙarar da ƙarfinsa wajen tono kalma ɗaya-ɗaya, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya kuɓuce masa. Ki raba aikin gida biyu. Koyon karatun kansa a ba shi minti 20 zuwa 30 kullum tare da malami, sauti bayan sauti, ba waya a kusa. Sauran darussa kuwa, irin su kimiyya da tarihi, waya ta karanta masa, don kada a bar shi a baya a kan abin da kansa zai iya ɗauka.

A wayar Android ki shiga Settings, sai Accessibility, ki kunna Select to Speak. A iPhone ma ta Accessibility za ki bi, ki kunna Speak Selection tare da Highlight Content. Highlight Content ɗin shi ne ke haska kowace kalma daidai lokacin da ake furta ta, kuma a ganinmu nan amfanin yake, domin ido da kunne suna tafiya tare. Mutum yakan furta kimanin kalma 150 a minti. Ki fara masa ƙasa da haka, ki riƙa ƙarawa sannu a hankali. Bayan kowane sakin layi ya tsayar da muryar ya faɗa miki abin da ya ji da bakinsa. In ba haka ba, sauti zai yi ta wucewa hankalinsa yana wani wuri. Ki kuma tabbatar harshen muryar ya dace da na rubutun, don muryar Turanci in ta samu rubutun wani harshe kwaɓa shi take yi.

Tambaya: Ni malami ne. Nakan tura wa ɗalibata shafukan littafi a PDF, amma manhajar da ke karanta mata rubutu da murya ta ƙi karantawa, wani lokacin kuma shirme take karantowa. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, abin da ka tura hoto ne, babu haruffa a cikinsa da manhaja za ta kama. Gwajin mai sauƙi ne: ka yi ƙoƙarin zaɓar kalma ɗaya a shafin. In ta ƙi zaɓuwa, sai an bi da shi ta manhajar da ke mayar da hoto rubutu, kamar Google Lens.

Shirmen kuma daga ɗaukar hoton yake farawa. Takarda tana lanƙwasa kusa da ɗinkin littafi, haruffan wurin su karkace, saboda haka ka danne shafin ya kwanta sosai. Ka riƙe wayar a saitin tsakiyar shafi, haske ya zo ta gefe don kada inuwar hannunka ta faɗa kan rubutu. In na'urar sikan gare ka, ka sa ta a kan ɗigo 300 a kowane inci. Shafi mai ginshiƙi biyu a ɗauki kowanne daban, domin manhaja takan haɗe layin hagu da na dama. Jadawali da lissafi da rubutun hannu su ne suka fi lalacewa, haka ƙ da ɗ da ɓ sukan koma k da d da b. Ka saurari shafin da kanka kafin ka tura.

Abin da ka rubuta da kanka kuwa ka ba ta shi a Word kai tsaye: harafin Arial ko Verdana, girma 12 zuwa 14, tazarar layi 1.5, rubutu ya jingina hagu. Ta buɗe shi da Immersive Reader da ke cikin Word, wanda ke iya rufe shafin duka ya bar mata layi 1, 3 ko 5 kawai.

Tambaya: An ce in saya wa ƙanwata tabarau mai launi, in kuma sa mata harafi na musamman na masu disleksiya. Suna aiki?

Amsa: Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka. Tun 2009 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da takwarorinta na likitocin ido suka bayyana cewa babu hujjar da ke nuna gilashi mai launi yana magance disleksiya. Haruffa irin su OpenDyslexic ma bincike bai nuna suna ƙara saurin karatu ba, ko da yake in tana jin daɗinsu babu laifi. Abin da aka ga ya yi tasiri shi ne buɗa tazara tsakanin haruffa, kamar yadda binciken 2012 a kan yaran Italiya da Faransa ya nuna, wannan kuwa kyauta ne a Word.

In rubutu ma yana ba ta wuya, a kwamfuta mai Windows ta danna maɓallin Windows da H tare, ta yi magana kwamfutar ta rubuta. Ta tsara jimlar a ranta tukuna, ta faɗe ta gaba ɗaya a wuri marar hayaniya, sannan ta sa manhaja ta maimaita mata, domin kunnenta zai kama kuskuren da idonta ya tsallake. Ku kuma tambayi makaranta tun farkon zango abin da aka yarda ta shiga da shi ɗakin jarrabawa, ta saba da shi watanni kafin ranar.